An Ce Dijital Ta Iso Jiharmu, To Me Ya Hana Akwatina Kamawa?

Tambayar da na fi ji daga bakin mutane game da talabijin ta dijital ita ce wannan: tunda gwamnati ta sanar cewa an ƙaddamar da ita a jiharmu, me ya sa na sayi dikoda, na kafa eriya, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin? Wani kuma ya ce nasa yana kamawa da safe, da yamma ya ɗauke. Wani ya ce maƙwabcinsa da katanga ce kawai ta raba su yana kallo garau, shi kuwa hoto sai daskarewa yake yi yana farfashewa. Kusan kowa dikoda yake ɗora wa laifi, ko ya ce mai shago ya cuce shi. A mafi yawan lokuta kuwa dikodar lafiyarta ƙalau. Matsalar tana tsakanin turken da ke watso shirye-shiryen da kuma eriyar da ke saman ɗakinka, kuma wannan tazarar ce ba a cika yi wa jama'a bayaninta ba.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Hoto yana shiga akwatin talabijin ta hanyoyi daban-daban, amma kalmar dijital ta sa mutane sun haɗe su wuri guda. Akwai hanyar tauraron ɗan'adam, wato ta dish, irin ta DStv da kuma dish ɗin kyauta da ya cika gidajen Arewa. Akwai hanyar intanet, wadda ke cin data. Sai ta ukun, wadda muke magana a kanta: tashar da ke kafe a ƙasa, mai dogon turken ƙarfe a cikin gari ko a kan tudu, tana watso sigina ta iska, kai kuma ka tare ta da eriya. Babu dish, babu data. Ita ce maƙwabtanmu na Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci suke kira TNT.

Wannan hanya ta uku ba sabuwa ba ce. Da ita aka fara talabijin a Najeriya, a Ibadan a 1959, sannan Kaduna a 1962. Abin da ya canza shi ne yadda ake ɗaure hoton kafin a aiko shi. A tsohon tsari, wato analog, kowane gidan talabijin yana da nasa turken da tasa mitar, wato gurbin da yake watsa siginarsa a kai, kuma mita guda tasha guda take ɗauka. A sabon tsari ana mayar da hoto da murya lambobi, a matse su, a cusa tashoshi da yawa cikin mita guda. Da fasahar da Najeriya ta zaɓa, mai suna DVB-T2, gurbin da a da tasha ɗaya ke cinyewa yana iya ɗaukar tashoshi 15 zuwa 20 masu matsakaicin ingancin hoto. Aikin dikoda shi ne kwance wannan ƙunshi ta miƙa wa akwatinka abin da zai iya nunawa.

Duk wanda ke da StarTimes ko GOtv irin mai eriya, ya daɗe yana kallon dijital ta wannan hanya, sai dai yana biyan kuɗin wata. Wadda gwamnati ta kawo, FreeTV, ita ce aka tsara ta maye gurbin tsohuwar talabijin da talaka ke kallo ba da kuɗin wata ba.

Daga ina maganar ta taso?

A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya a Janiba ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, cewa zuwa 17 ga Yunin 2015 za a bar tsohon tsari a mitocin UHF, wato rukunin mitocin da talabijin ta eriya ta fi amfani da su. Najeriya ta sa wa kanta wa'adin 2012, bai yiwu ba. Na 2015 ya zo ya wuce, haka na 2017. Sai a ranar 30 ga Afrilun 2016 aka yi gwajin farko a Jos. Abuja ta biyo baya a Disambar wannan shekara, Ilori da Kaduna a Disambar 2017, Inugu da Oshogbo a farkon 2018. Daga nan abin ya yi tsit har shekara uku, kafin Legas ta samu a Afrilun 2021, Kano kuma a Nuwamban 2021, lokacin Lai Mohammed yana ministan yaɗa labarai.

Dalilin da ya sa duniya ta matsa a kan sauyin ya wuce kyan hoto. Mitoci dukiya ce mai iyaka, kamar fili a tsakiyar kasuwa. Idan aka matse tashoshin talabijin suka koma gefe guda, sai a sami sarari a sayar wa kamfanonin waya su yi intanet mai sauri. Mutanen Kano za su fi kowa gane wannan. Gidan talabijin na jiha da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wanda yanzu ake kira ARTV, mun tashi muna kiransa CTV 67. Wannan 67 ɗin lambar gurbinsa ce a UHF, kuma gurbin yana cikin yankin mitocin da ake kira 800 ne, ɗaya daga cikin yankuna biyu, 700 da 800, da aka ware wa wayar salula. Talabijin an bar mata daga gurbi na 21 zuwa na 48. Darajar wannan fili kuwa ba ƙarama ba ce: a 2015 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ba MTN lasisin wani ɓangare na yankin 700 a kan Naira biliyan 34.

Iyakar da turke yake da ita

Nan ne gizo ke saƙa. Idan aka ce an ƙaddamar da dijital a Kano, abin da ya faru a zahiri shi ne an kunna na'urar watsawa a kan wani turke. Siginar da ke fitowa daga nan ba ta san iyakar jiha ba, ba ta san Kano tana da ƙananan hukumomi 44 ba. Abin da ta sani shi ne tsayin turke, ƙarfin na'ura, da abin da ya gitta tsakaninta da kai.

Siginar UHF tana tafiya kusan miƙe ne kamar hasken tocila. Ba ta da halin rediyo mai gajeren zango, wadda ke hawa sama ta dawo ƙasa a wata nahiya, shi ya sa makiyayi a daji ke jin Landan da 'yar ƙaramar rediyonsa. Ita talabijin, da zarar doron ƙasa ya lanƙwashe ya ɓoye maka kan turken, ka fita daga rabonta. Injiniyoyi suna da lissafin da suke yi a kan wannan. Turke mai tsayin mita 100, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, siginarsa tana kai wa kimanin kilomita 41 kafin doron ƙasa ya tare ta. Idan ka ɗaga eriyarka mita 9 sama, ka ƙara wa kanka kusan kilomita 12. An tashi 53 ke nan, kuma wannan idan babu dutse, babu dogon gini, na'urar kuma tana aiki da cikakken ƙarfinta. Sannan ƙarin tsayi ba ya biya yadda mutum zai zata: sai an ninka tsayin turke sau huɗu kafin nisan ya ninku sau biyu.

To ka auna da kanka. Wudil tana da nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, tana bakin gaɓa ke nan. Riruwai da ke Doguwa ta haura kilomita 100 nesa ba kusa ba. Kafanchan haka take da birnin Kaduna. Babu wani turke guda a babban birni da zai ciyar da waɗannan wurare, komai kyan dikodar da mutum ya saya. Ko a cikin da'irar ma akwai inuwa. Wanda gidansa ke bayan Dala ko Gwauron Dutse, idan dutsen ya shiga tsakaninsa da turke, zai iya shan wahalar da wanda ya fi shi nisa a fili bai sha ba. A Jos, inda duwatsu suka yi wa gari ƙawanya, unguwa biyu masu kallon juna sai ka ga ɗaya na kamawa ɗaya babu.

Maganin wannan sananne ne a wurin masu aikin: ƙananan turaku masu karɓar sigina daga babban turke su sake watsa ta a lungunan da ba ta kai ba. Kowannensu yana buƙatar fili, wuta, mai gadi da mai gyara. Shi ya sa bikin ƙaddamarwa yake da sauƙi, cike giɓin kuma yake ɗaukar shekaru.

Dijital ba ta san dishi-dishi ba

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a cikin lamarin gaba ɗaya, domin na gani da idona. Ina da kawu a wani ƙauye da ke kudu da Kano. Shekara da shekaru yana kallon labarai da tafsirin azumi a wata tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, eriyarsa ɗaure a kan doguwar gora da aka jingina da katangar zaure. Hoton yayyafi ne zalla, fuskar mai karanta labarai dishi-dishi, amma murya tana fita, kuma mutanen layin sukan taru a tabarma bayan isha'i. Da na kai masa dikoda irin mai eriya, cike nake da murnar zai ga hoto tas. Na haɗa komai, na sa ta nemo tashoshi, ta gama zagayenta ba ta samo ko ɗaya ba. Na hau katanga ina juya gorar, ƙanena yana ciki yana kallon allo, ina ta kiran "Ya yi?" yana amsa "Bai yi ba." Can hoto ya faɗo, mai kyan da Kawu bai taɓa gani ba, har ya gyara zama. Bai cika minti ɗaya ba ya daskare, ya rarrabu gida-gida kamar dara, ya ɓace.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, mayar mini da tawa. Waccan ko ba ta gani sosai, tana magana."

Na ce, "Kawu, a ƙara mini haƙuri, gobe zan ƙaro tsayin gorar."

Maganarsa ta tattare bambancin duka. A tsohon tsari, sigina tana raguwa ne sannu a hankali, hoto yana lalacewa daidai gwargwado, mai nisa yana samun rabonsa ko da gurɓatacce ne. A dijital kuwa, dikoda tana gyara kurakuran da ke cikin lambobin har zuwa wani mizani. Muddin ba a ƙetare shi ba, hoton wanda ke kilomita 45 daidai yake da na wanda ke gindin turke. Da an ƙetare shi da ƙiris, komai ya tsaya cak. Babu tsaka-tsaki, ko ka samu duka ko ka rasa duka. Ma'anar wannan ita ce duk ranar da aka kashe tsofaffin na'urori ba tare da an cike giɓi ba, mutanen da ke bakin gaɓa, waɗanda akasarinsu mazauna karkara ne masu ƙaramin ƙarfi, su ne za su wayi gari babu talabijin sam, alhali an ce musu ci gaba aka kawo.

Abin da ke hannun mai gida

Ba duka laifin ne na nisa ba. Washegari da na koma gidan Kawu, na sauke eriyar na duba. Inda waya ta haɗu da ita ya yi tsatsa kore shar, ruwan damina ya bi cikin wayar, kuma an yi mata ƙari har wuri biyu an naɗe da leda. Tsohuwar talabijin tana jure wannan, dijital ba ta jurewa. Na sayo sabuwar waya mai kauri guda ɗaya ba ƙari, na rufe mahaɗar yadda ruwa ba zai shiga ba, muka haɗa gora biyu muka ɗaure da igiyoyi ta ɓangare uku don kada iska ta riƙa kaɗa ta. Ya samu, ko da yake har yanzu yakan ɗauke masa wani lokaci.

Kowace dikoda tana da shafin da ke nuna layi biyu, na ƙarfin sigina da na ingancinta. Mutane sukan zuba wa na ƙarfi ido, alhali na inganci ne mai yanke hukunci. Za ka iya ganin ƙarfi ya cika, inganci yana ƙasa, domin abin da eriyar ke kwasowa hayaniya ce. A buɗe wannan shafi, a riƙa juya eriya a hankali, a dakata 'yan daƙiƙu bayan kowane juyi, domin dikoda ba ta amsawa nan take. Hanya mafi sauƙi ta sanin inda za a fuskanta ita ce duba rufin maƙwabtan da nasu ke aiki, har da yadda haƙarƙarin eriyarsu yake, a kwance ko a tsaye, domin dole ya dace da yadda turke ke watsowa.

'Yar eriyar cikin ɗaki tana aiki ne kawai ga wanda ke kusa da turke. Rufin kwano da bangon siminti mai rodi suna cinye sigina kafin ta iso gare ta. Itatuwa ma haka: mutum zai kafa eriya da rani ya ji daɗi, damina na sauka darbejiya da mangwaron da ke gabansa su cika da jiƙaƙƙen ganye, hoto ya fara yankewa, ya ɗauka ruwan sama ne. Ruwan sama kansa dish ya fi yi wa illa, bai cika taɓa UHF ba.

Sai maganar busta, wadda masu shago ke saurin miƙo wa duk wanda ya kawo kuka. Busta ba ta ƙirƙiro siginar da babu ita. Abin da eriya ta kamo shi take kumburawa, mai kyau da marar kyau. Tana da amfani idan waya ta yi tsawo ko za a raba wa akwati biyu, kuma a kusa da eriya ya kamata ta zauna. Ga wanda ke kusa da turke kuwa, tana iya toshe dikodar da yawan sigina. Tsofaffin bustoci ma suna da wata matsala ta daban: an ƙera su ne su kama har mitocin da yanzu aka ba kamfanonin waya, don haka idan akwai turken waya kusa da gidanka, shi ma za su jawo maka shi.

A kula kuma da filasma 'yan gwanjo. Kasancewar akwati shafal ba ya nufin zai kama dijital ɗinmu da kansa. Wanda aka yi don Amurka tsarinsa daban ne gaba ɗaya, tsofaffin na Turai kuma da yawansu DVB-T suke da shi, ba mai lamba 2 ba. Ko wanda ya dace ɗin, tashoshin da aka kulle sai da dikodarsu.

Idan kuma tashoshi duka suka ɗauke lokaci guda, kafin ka hau rufi ka tambayi maƙwabci. A sabon tsari gidajen talabijin ba su ke watsa kansu ba. Suna miƙa shirye-shiryensu ne ga kamfanin rarraba sigina, wato ITS da ya fito daga jikin NTA, ko Pinnacle, su kuma su watsa duka daga turke guda. An rage kashe kuɗi da wannan, amma idan wuta ta yanke a turken ko dizal ya ƙare, garin gaba ɗaya ne zai yi duhu.

Masu ja da masu saki

Hujjar gwamnati da NBC a fili take: tashoshi kusan 30 maimakon uku ko huɗu, hoto mai kyau, kuɗin shiga daga mitoci, da kasuwa ga masu shirya fina-finai da shirye-shirye, wanda 'yan Kannywood na cikin masu fatan cin moriyarsa. Gidajen talabijin, musamman na jihohi da ƙananan masu zaman kansu, suna da nasu lissafin. Za su ajiye turakun da suka kashe wa kuɗi su koma biyan kuɗin dako ga wani kamfani, kuma kafin a kashe analog sai su ɗauki nauyin biyun a lokaci guda. Kamfanonin da aka ba lasisin haɗa dikoda a cikin gida sun zuba jari suna jiran kasuwar da aka yi ta ɗagawa.

Shi kuma mai kallo tambayarsa ɗaya ce, ina kyautar take? An fara sayar da dikoda a kan farashi mai rangwame na Naira 1,500, da kuɗin shekara na Naira 1,000. Idan aka kwatanta da kuɗin wata na masu zaman kansu, wannan ba komai ba ne. Amma mutumin da ya saba kunna akwati ya kalla ba tare da ya biya ko sisi ba, kuma ya ga maƙwabcinsa mai dish ɗin kyauta yana kallon tashoshin Hausa da na Larabawa ba ya sabunta komai, yana da dalilin yin tsaki. A ganina wannan ne ya sa Arewa ba ta yi rububin abin ba: kafin dijital ta ƙasa ta iso, dish ya riga ya kama gidajen.

Wannan ya kai ga muhawarar da ake ciki yanzu. Bayan gwamnatin Tinubu ta amince da ba NBC Naira biliyan 10 a 2024 don farfaɗo da shirin, hukumar ta karkata ga amfani da tauraron NigComSat don isa ko'ina a ƙasar lokaci guda. Masu goyon baya suna cewa ƙasa mai faɗin Najeriya ba za ta iya jiran a kafa turke a kowane lungu ba, kuma tauraro bai damu da dutse ko nisa ba. Gaskiya ne, kuma ga ƙauye irin na Kawu babu abin da ya fi shi sauƙin isa. Masu adawa kuma suna tambayar makomar turakun da aka riga aka kafa da dikodojin da jama'a suka saya, da kuma tsadar dish da kuɗin mai ɗaurawa a kan talaka.

Ni abin da nake jin tsoron a rasa shi ne tashar gida. Turken yanki yana da wata baiwa da ba a cika ambata ba: yana iya ɗaukar abin da ya shafi mutanen da ke kewaye da shi kaɗai. Sanarwar ganin wata daga fada, hawan Daushe, jadawalin rigakafin yara, gargaɗin ambaliya ga garuruwan bakin kogin Haɗeja, farashin hatsi a Dawanau. Kafin tashar jiha ta hau tauraro sai ta biya kuɗin gurbi da na aika siginarta sama, kuma ba kowacce ce za ta iya ba. Lokacin da hoto ya zauna a zauren Kawu, na miƙa masa rimot na nuna masa jerin tashoshin da ya samu, na ƙwallo da na waƙa da na labaran waje. Bai tsaya a kan ko ɗaya ba, ya yi ta dannawa har ƙasa, sannan ya ɗago ya ce, "To ina tamu ta Kano?"